Yadda Ake Kallon Tsofaffin Finafinai Marasa Magana Da Na Farkon Zuwan Sauti

Tambayoyin da masu karatu suka fi turowa a kan tsofaffin finafinai ba sa wuce guda uku: a ina ake samun su, me ya sa in an kunna sai a ga mutane na ta sauri kamar ana korarsu, kuma yaya za a gane labarin da babu mai buɗe baki a cikinsa. Mafi yawan waɗanda suka gwada suka watsar, mummunan kwafi suka yi karo da shi. Fim ɗaya na 1924 yana iya yawo a intanet cikin kwafi barkatai, wani ya dushe, wani an datse shi, wani an ɗora masa kiɗan da ba nasa ba. Saboda haka babban aikin yana wajen zaɓe da saiti, tun kafin a zauna kallo. Finafinan da ake nufi a nan su ne marasa magana, daga 1895 zuwa wajen 1929, da na farkon zuwan sauti, daga 1927 zuwa wajen 1934.

1. Kayan da za ka tanada

Waya ko kwamfuta, da manhajar VLC, wadda kyauta ce a kan duka biyun. An fi son ta ne don tana ba ka iko a kan gudun fim, da fasalin hoto, da daidaita murya da baki. Sai memori ko filash mai 16GB zuwa 32GB, da iyafis ko ƙaramar sifika. In akwai talabijin mai bakin USB ko HDMI, ya fi waya nesa ba kusa ba, domin an ɗauki finafinan nan ne don babban allo, kuma sau da yawa abin dariyar yana faruwa ne can nesa a gefen hoto, inda fuskar waya za ta haɗiye shi.

Kuɗin da za ka kashe kusan duk na data ne. Fim na awa ɗaya da rabi yakan ci kimanin 300MB zuwa 400MB a 360p, 500MB zuwa 700MB a 480p, sannan 1GB zuwa 1.5GB a 720p. Gajerun finafinai na minti 20 ba su cika wuce 150MB a 480p ba. A waya 480p ya wadatar. A talabijin ka nemi 720p.

Gargaɗi: kada ka sauka ƙasa da 360p don tsimin data. Tsohon fim yana da ɗigo-ɗigo a jikin hotonsa, kuma idan aka matse shi da yawa ɗigon ne ke rikiɗewa ya zama dabbare-dabbare, fuskoki su narke.

2. Zaɓi gajeren barkwanci ka fara da shi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da fim mai suna mai tsawon awa biyu da rabi. Ido yana buƙatar sabo. A wancan zamani naɗin fim ɗaya ƙafa 1,000 ne, yana ɗaukar minti 11 zuwa 15 gwargwadon gudun da aka kunna shi, kuma masu barkwanci sun yi ɗimbin finafinai masu naɗi biyu. Da su ake farawa. One Week na Buster Keaton, na 1920, bai wuce minti 25 ba: ango da amarya ne ke harhaɗa gidan katako da aka jirkita musu lambobin sassansa. Daga nan sai Sherlock Jr. na 1924, minti 45. Bayan su The Kid na Charlie Chaplin, na 1921, da Safety Last! na Harold Lloyd, na 1923.

Wanda ya tashi da labaran Dare Dubu Da Ɗaya zai ji daɗin The Adventures of Prince Achmed na 1926, wanda Lotte Reiniger ta yi a Jamus da yankakkun takardu masu inuwa. Masu son finafinan Indiya kuwa su nemi Shiraz na 1928 da A Throw of Dice na 1929. Duka biyun a Indiya aka ɗauke su da 'yan wasan ƙasar, kuma cibiyar fim ta Birtaniya, BFI, ta gyara su. Manyan na Jamus irin su Nosferatu na 1922 da Metropolis na 1927 a bar su sai an kalli huɗu ko biyar daga cikin na farkon.

Gargaɗi: ba kowane fim da ka ji sunansa ne ya rage a duniya ba. A kan zare mai saurin kama wuta da ruɓewa aka buga su, kuma binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace ɗungurungum. Alam Ara na 1931, fim na farko mai magana a Indiya, yana cikin ɓatattu. London After Midnight na 1927 ma haka, abin da ke yawo da sunansa hotuna ne marasa motsi da aka jera. Kada ka ƙona data a kansu.

3. Wuraren samu

Na farko shi ne archive.org. Yana da rukuni mai suna “Silent Films” da wani “Feature Films”, ba a biya, ba a buƙatar rajista kafin saukewa. Na biyu shafin Library of Congress, wato ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, a sashen “National Screening Room”, inda kwafin ke fitowa daga rumbunsu kai tsaye. Na uku YouTube, inda zinariya da tarkace ke gauraye. A can ka fi karkata ga tashoshin rumbunan fim na gaske, irin na Eye Filmmuseum na ƙasar Holan. Wajen nema ka rubuta sunan fim, da shekararsa, da kalmar “restored”. Shekarar na da muhimmanci, don an sake yin finafinai da dama da suna ɗaya.

A dokar Amurka haƙƙin mallakar fim yana faɗuwa bayan shekara 95, shi ya sa daga 1 ga Janairu 2026 duk fim ɗin 1930 zuwa baya ya zama na kowa a can. Sai dai sabon kiɗan da aka ɗora wa gyararren kwafi yana da masu shi. Kallo a gida daban, ɗorawa a shafinka ko sayarwa daban.

Mai hali da ke son faifai na asali, kamfanonin Criterion, Kino Lorber, Flicker Alley da Eureka ne suka yi suna a wannan fanni. Ka duba shiyyar faifan kafin ka biya. Blu-ray na Turai da Afirka shiyyar B ce, na Amurka shiyyar A, kuma na'urar da aka kulle a kan ɗaya ba ta karanta ɗayar.

Gargaɗi: duk shafin da ya ce sai ka saka wata manhaja tasa ko ka ba da lambar katin banki kafin ka kalli fim na 1925, rufe shi.

4. Tantance kwafi kafin ka sauke

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan komai, kuma minti uku ya ishe ka. Ka buɗe fim ɗin, ka tsallaka zuwa tsakiya, kada ka tsaya a farkonsa.

Fara da fuska. A kwafi mai kyau za ka ga ƙwayar ido, da gashin gira, da saƙar tufa. Idan fuska ta zama farin dunƙule mai ramuka biyu baƙaƙe, to kwafin kwafin kwafi ne, an yi ta juyar da shi har tsaka-tsakin launin toka ya mutu. Masu ɗaukar hoto na 1920 zuwa sama gwanaye ne na haske da inuwa, dushewar nan ba aikinsu ba ne.

Sai allon rubutu, wato baƙin allon da ke fitowa da maganar 'yan wasa. Rubutun ya kamata ya zauna a tsakiya. Idan ya karkata hagu ko haruffan farko sun guntule, an juyo fim ɗin ne da na'urar finafinai masu sauti, wadda ke rufe gefen hagu inda layin sauti yake zama. Duk fim ɗin an ci gefensa ke nan, sau da yawa har da saman kawuna.

Na uku tsawon lokaci. Ka duba tsawon da aka sani na fim ɗin, ka gwada da na kwafin. Metropolis da aka gyara a 2010, bayan an gano ɓatattun sassansa a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, a 2008, minti 148 ne. Kwafin da ya gaza wannan da nisa ya rasa yankuna na labarin, shi ya sa mutane da yawa suka kalle shi suka ce ba su gane kansa ba. The Gold Rush iri biyu ne, na asali na 1925 mai kimanin minti 95, da wanda Chaplin ya sake fitarwa a 1942 ya cire allunan rubutu ya sa muryarsa, mai minti 72. Wanda ke son ganin fim marar magana yadda yake, na 1925 zai nema.

Na huɗu launi. Mutane na ɗauka duk fari da baƙi ne, alhali da yawa an rina zarensu: shuɗi na nufin dare, ruwan ɗorawa na nufin rana ko hasken fitila a ɗaki, ja na nufin gobara. Rinin yana cikin labarin. An ɗauki fitowar dare a Nosferatu ne da rana tsaka, shuɗin rini ne ke mayar da ita dare. A kwafin da babu rini sai ka ga dodon da hasken rana ke hallakawa yana yawo a cikin rana, labarin ya rushe.

Na ƙarshe, farkon fim. Gyararren kwafi yakan buɗe da bayanin wanda ya gyara shi: BFI, ko Cineteca di Bologna, ko Lobster Films, ko gidauniyar Murnau ta Jamus, tare da sunan wanda ya tsara kiɗan. Ganin wannan alama ce mai ƙarfi.

Gargaɗi: ka guji masu take irin “colorized”, “60fps” ko “AI enhanced”. Kwamfuta ce ta ƙaga launin da hasashe, ta ƙirƙiro hotunan da ba a taɓa ɗauka ba ta cusa a tsakani, ta goge fuskoki har suka yi sulɓi. Suna jan ido a minti na farko, amma sun shafe aikin hasken da aka sha wahala a kansa.

5. Saukewa

A archive.org ka duba akwatin “Download Options”, ka danna “Show All” don ganin girman kowane fayil, ka ɗauki mai ƙarewa da mp4. Wanda aka rubuta wa “512Kb” shi ne mafi ƙanƙanta, yana yi a waya, ba ya yi a talabijin. Ka sauke da garaɓasar datar dare in layinka na bayarwa, ka bar waya a caji. Saukewa ta fi kallo kai tsaye, domin tsayawar hoto a tsakiyar barkwanci tana kashe shi. Ka sa wa fayil suna da shekara nan take.

6. Saita allo da gudu

Fasalin hoton finafinan nan 4:3 ne, bai kai faɗin talabijin na yanzu ba. Baƙin fili a dama da hagu daidai ne, haka ya kamata ya kasance. Idan hoto ya cika allo, ko dai an ja shi mutane sun yi gajeru masu faɗi, ko an yanke sama da ƙasa. A rimot ka nemi “Picture Size” ko “Aspect” ka zaɓi 4:3 ko “Original”. A VLC na kwamfuta harafin A ne ke sauya fasali. Ka cire talabijin daga “Vivid” ko “Dynamic” ka mayar da shi “Movie” ko “Cinema”, ka kashe duk saitin da ke da kalmar “Motion” a sunansa. Ka rage hasken ɗaki.

Sai batun saurin tafiya. Da hannu ake juya kyamarar wancan lokaci, tana ɗaukar hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa a shekarun farko, ya ƙaru zuwa 20 da 'yan kai a shekarun 1920. Da sauti ya zo aka tsayar da 24. Fim ɗin da aka ɗauka a 18 aka kunna a 24 dole mutanensa su yi ta zabura. Lissafin gyaran mai sauƙi ne: 18 a raba da 24 ya ba da 0.75, 20 a raba da 24 ya ba da kusan 0.83. YouTube yana da 0.75 a saitin gudu. A VLC ka shiga “Playback”, sannan “Speed”, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne abin da ka san nauyinsa: zubar ruwa, tashin hayaƙi, tafiyar dattijo, faɗuwar hula. Idan waɗannan sun yi daidai, gudu ya yi.

Gargaɗi: kada ka taɓa gudun gyararren kwafi, an riga an daidaita shi. Kuma kada ka auna da wurin guje-guje a fim ɗin barkwanci, domin da gangan mai kyamara ke rage juyin hannunsa a irin wuraren don su fito da sauri. Rage gudu yana jan kiɗa shi ma, in ya yi muni sai ka nemi wani kwafin.

7. Kiɗa

Ba a shiru aka kalli finafinan nan ba. A ƙananan gidajen sinima akwai mai fiyano, a manya akwai cikakkiyar tawagar makaɗa. Kiɗan da aka tsara wa fim yana bin abin da ke allo, ya yi sanyi a wurin baƙin ciki, ya tsaya cak in an mari wani. Alamar na bogi ita ce waƙa guda tana ta maimaituwa, ana jana'iza tana rangaji. In ka faɗa kan irin wannan kuma hoton na da kyau, kashe sautin ka kunna wani kiɗa marar waƙa a hankali daga wata na'urar. Muryar mawaƙi tana janye hankali daga fuskokin. Wanda ba ya sauraron kiɗa zai iya kallo a shiru, kuma barkwanci da gajerun finafinai sun fi jure hakan.

8. Allon rubutu

Allunan gajeru ne, jimla ɗaya ko biyu, kuma ana barin su su daɗe don mai karatu a hankali. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba sai ya tsayar da fim, ya ɗauki hoton allon, ya ba Google Translate, tana da Hausa. Fassarar ba ta cika daɗi ba, amma takan nuna inda aka dosa. Finafinan Jamus, Faransa da Rasha kuwa, ka tabbata kwafin na da fassarar Turanci a ƙasan allo. In babu, ka nemo fayil mai ƙarewa da srt, ka ba shi suna ɗaya sak da na fim ɗin, ka ajiye su a jaka ɗaya, VLC za ta ɗauko shi da kanta. A VLC na kwamfuta, haruffan G da H suna matsar da fassarar gaba ko baya.

Idan taro ne, hanya mafi daɗi ita ce mutum ɗaya ya riƙa karanta allon da Hausa da babbar murya. A Japan sana'a ce sukutum, mai bayani yana tsaye gefen allo yana yi wa 'yan wasa baki, kuma dattawan da suka ga zamanin majigi a Arewa sun san mai fassara da lasifika. Sharaɗin kawai ya tsaya a kan abin da aka rubuta, kada ya riga fim faɗin abin da zai faru.

Gargaɗi: fassarar da YouTube ke yi da kanta murya take saurare, ba ta karanta allon rubutu.

9. Inda za ka sa ido

Ajiye waya ta biyu. A fim mai magana kunne yana riƙe maka labari in ka waiwaya, a nan kuwa daƙiƙa biyar ta isa ka rasa wanda ya ɓoye wasiƙar. Ka kalli hannaye da idanu, ka bi inda ɗan wasa ya kalla. Ba duk maganar da leɓe ya yi ake rubutawa ba, an bar maka ka fahimta daga fuska. Da'irar da ke tsukewa har hoto ya rufe tana nufin fitowa ta ƙare, ko a kula da abin da ya rage a tsakiyarta. Hoto ya narke cikin wani, lokaci ya wuce ko an shiga tunani ko mafarki. Yawan wurga hannu da zare ido ya fi yawa a finafinan kafin 1915, zuwa ƙarshen shekarun 1920 wasan ya natsu ƙwarai. Dogon fim a raba shi zama biyu, da yawansu ma an yanka su kashi-kashi da allon da ke nuna hakan.

10. Finafinan farkon sauti

Waɗannan suna da tasu matsalar, kuma na 1928 zuwa 1930 sun fi marasa magana wuyar kallo. Makirufo na lokacin ba ya jin nesa, ana ɓoye shi cikin tulun fure ko a rataye shi sama, an kuma kulle kyamara cikin akwati don kada a ji ƙararta. Shi ya sa za ka ga mutane sun taru wuri ɗaya suna magana dalla-dalla. The Jazz Singer na 1927, da ake kira na farko mai magana, yawancinsa allon rubutu ne da waƙoƙi, maganar cikinsa ba ta wuce ta minti biyu ba. Dogon fim na farko da aka yi magana daga farko har ƙarshe shi ne Lights of New York na 1928. Mai farawa ya tsallaka zuwa 1931 da 1932: The Music Box na Laurel da Hardy, inda suke fama da hawa da fiyano kan dogon matakala, ko City Lights na Chaplin, wanda ke da kiɗa da ƙararraki amma babu hira.

Gudun waɗannan 24 ne, kada a taɓa shi. Wasu na 1929 zuwa 1931, irin su M na Fritz Lang, hotonsu ya kusa zama murabba'i saboda layin sauti ya ci gefe, don haka baƙin filin zai fi faɗi. Sautin hanya ɗaya ne, ka kashe “Surround”. Shuu ɗin da ke ƙarƙashin murya na asali ne. In ya dame ka, buɗe “Equalizer” a VLC, ka sauke sandunan ƙarshe na dama, ka ɗan ɗaga na 1kHz da 3kHz inda muryar mutum take. Idan baki da murya sun saɓa, haruffan J da K a VLC na kwamfuta suna gyarawa. Dogon shiru tsakanin maganganu ba lalacewa ba ce, Dracula na 1931 ba shi da kiɗan rakiya in ban da na buɗewa.

Gargaɗi: wasu an yi su iri biyu. Blackmail na Alfred Hitchcock, na 1929, akwai marar magana akwai mai magana. The Blue Angel na 1930 akwai na Jamusanci akwai na Turanci. Ka karanta bayanin kwafi ka san wanda kake saukewa.

11. Kafin ka kunna wa iyali

Tsufan fim ba ya nufin tsabtarsa. Sai a Yulin 1934 aka fara tsananta dokar tace finafinai a Hollywood, kuma na 1929 zuwa 1934 da dama suna da shigar banza, shaye-shaye da zancen da bai dace da yara ba. M labarin mai kashe yara ne. Babba ya fara kalla shi kaɗai tukuna.

Akwai kuma wulaƙanta baƙar fata. The Birth of a Nation na 1915 yabon Ku Klux Klan ne ƙarara, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙar fata a Amurka, jarumin The Jazz Singer kuma yana shafa baƙi a fuska don kwaikwayon baƙar fata. Palaver na 1926, wanda Geoffrey Barkas ya ɗauka a tsaunukan Filato, labarin takaddamar wani Di'o ne da wani Bature mai haƙar kuza, kuma da idon mulkin mallaka ya kalli mutanen wurin. Yana da daraja don ƙasa da gidaje da suturar da ya adana, amma in za a nuna wa matasa, a samu wanda zai yi musu bayanin wanda ya ɗauka da dalilinsa. Ya kyautu a haɗa irin waɗannan da Within Our Gates na 1920, na Oscar Micheaux, baƙar fatan Amurka da ya ɗauki labarin mutanensa da kansa, har da kisan gillar da ake yi musu a kudancin ƙasar. Shi ma na manya ne, kuma kwafin Library of Congress za ka nema, domin su suka gyara shi daga kwafi ɗaya tilo da aka gano a Sifen.